Igiyar Kaka a Bakin Famfo

Ranar da aka kai Kaka makwancinta tabarmin gidanmu ba su isa ba, sai da aka aro na masallacin unguwa. Mahaifina yana zaune a ƙofar gida yana amsa "ya haƙuri" har muryarsa ta dushe. A ciki mata sun cika tsakar gida har bakin madafa. Abin da na lura da shi, kusan duk wanda ya shafa addu'a sai ya kawo zancen ruwa. Wata tsohuwa ta ce Kaka ta taɓa kora ta wutsiyar layin famfo a gaban surukarta, ta yi wata guda ba ta gaishe ta ba, kuma tana ba da labarin tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Liman ya ce ko bidon gidansa, wato jarkar ɗibar ruwa, bai taɓa samun alfarma ba, ko da ranar Juma'a ce. Wani ɗan ga-ruwa ya ce shekara goma sha yana tura kura a unguwarmu ta Birni, ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayarsa ɗan ina ne ba kafin ta ba shi wuri. Gwaggona kuwa, autar Kaka, kuka kawai take yi tana cewa yanzu wa zai yi musu faɗa.

Can ƙarshen tabarmi akwai wani tsoho makaho, sandarsa a kwance bisa cinyarsa. Daga ƙauyen Gaffati ya zo a bayan babur ɗin kabu-kabu, ya kwana uku tare da mu, bai cika magana ba. Dangi suka yi ta tambayar juna ko waye. Ni na san shi. Albarkacinsa Kaka ta bar duniya tana gani, kuma rabin abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne.

Kaka ita ta haifi mahaifina. Babarbariya ce, iyayenta fatauci ya kawo su Damagaram daga wajen Barno, ita kuwa a Birni aka haife ta, a nan ta tsufa. Lafayar da take yafawa kullum tana ƙamshin turaren wuta. Da haƙoranta suka zube ba ta bar goro ba, sai ta koma gurza shi a kan murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa. In ranta ya ɓaci sosai Hausa ba ta isarta, sai ta juya Barbarci, kowa ya kama kansa. Ni Maigida take kirana tun ina cikin zani, kamar yadda kakanni ke yi, kuma har ta mutu tana kai ƙarata wajen matata cewa ta auri miji marowaci wanda ko ɓarin goro ba ya ajiye mata.

Duk wanda ya yi bazara a garin nan ya san halin ruwa. Famfon unguwarmu yakan yi kwana biyu bai ɗiga ba, in ya zo kuma ya yi ɗan lokaci ya ɗauke. Kafin Kaka ta karɓi famfon, mahaifiyata ta ce dambe ake yi, mai ƙarfi da mai baki su ke ɗiba. Kowa ya ajiye bidonsa ya tafi, kafin ya dawo an tura shi gefe, kowa kuma ya rantse shi ya riga. Da mai unguwa ya gaji da shari'ar bido sai ya ce a ba tsohuwar nan, tunda ba ta jin kunyar kowa.

Abin da ta yi bai fi sayen igiya ba. Doguwa ce, mai kauri. Ta kafa turke a gindin famfo, ta maƙala kai ɗaya a nan, ɗaya kan ta ɗaure a jikin dogon yaro da ke can baya. Duk wadda ta zo za ta kwance wajen bishiya, ta zura igiyar cikin hannun bidonta, ta mayar ta ɗaure. In ruwa ya zo, Kaka ce ke cire kan da ke turke, ta zaro bido na farko, sauran su matso. Shi ke nan. Ba yadda za a yi ka cusa naka a tsakiya sai ka zazzage na mutane gaba ɗaya ko ka yanke igiya, kuma ba a haifi mai yanke igiyar Kaka ba. Kina iya tafiya kasuwa, ki tafi ki dafa abincinki, bidonki yana tsaye a madadinki. In igiya ta cika, ta ce wa mai zuwa ya dawo anjima, don ba ta son a jera a ƙasa inda hannu zai iya sauyawa.

Doka ɗaya ta ƙara, ita ce mutane suka fi tunawa. Ba a tsallake layi don tausayi, amma wanda tausayin ya kama yana iya ba da nasa wurin ya koma wutsiya. Mahaifiyata ba ta manta ranar da dokar nan ta faɗo kan gidanmu ba, shekara ashirin da wani abu ke nan. Bidonmu ya kwana biyu a igiya, ya iso turke da hantsi, ruwa yana zuwa siriri, ana ganin alamar zai ɗauke. Sai ga wani baƙo, mutumin ƙauye, da bokiti biyu. Ya kawo matarsa asibiti, ta cika a gidan da suka sauka a bayan layinmu, ana neman ruwan da za a yi mata wanka. Mata suka ɗauki salati, kowa na cewa Allah sarki, a bar shi ya shiga gaba mana. Kaka ta dube su ta ce wadda ta ce a bar shi ta ba shi wurinta. Ba wadda ta ba da nata. Sai ta zaro bidonmu, ta ce wa mutumin ya tara, ta ɗauki namu da hannunta ta kai gindin dogon yaro. Yana cika bokiti na biyu ruwa ya ɗauke.

Mahaifiyata ta ce ranar ba a ɗora tukunya ba sai da aka roƙo ruwa a maƙwabta, kuma ta yi wa surukarta maganar da ba ta taɓa yi mata ba. Da ta gama, Kaka ta ce mata sauran matan so suke su yi sadaka da ruwan na bayansu, ita kuwa da nata ta yi. Mahaifiyata ta ce ita ma ai nata ne, ba a tambaye ta ba. Kaka ta ce wannan gaskiya ne, ta nemi gafararta. Sau ɗaya ke nan da aka ji Kaka ta ba wani haƙuri a kan zancen famfo.

Ni na yi lakwal, makarantar boko, Allah ya taimake ni har jami'a, na karanta aikin rubuta manhajar kwamfuta. Wata rana mushenmu, wato malaminmu, ya zana akwatuna a jere a kan allo. Ya ce wannan hanya ce ta ajiye abubuwa a cikin kwamfuta su jira lokacinsu. Tana da kai, tana da wutsiya. Abu biyu kawai aka yarda ka yi mata: ka ƙara a wutsiya, ko ka zare daga kai. Abin da ya fara shiga shi ke fara fita. Ya ce da haka injin buga takardu ke sanin takardar wa zai fara bugawa in mutum goma suka aika a tare, da haka saƙonni ke jiran juna a waya. Ya zana kishiyar hanyar ma, wadda ake ɗora abu bisa abu kamar jeren kwanuka, na ƙarshen ɗorawa shi ke fara sauka. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Ya tambaye ni abin dariya, na ce wannan ai igiyar kakata ce. Ya miƙo mini alli, na zana turke da dogon yaro, ajin ya yi ta dariya, shi kuwa ya ce a kwafe zanen.

Da na dawo hutu na ce wa Kaka Nasara sun sa igiyarta a littafi. Ta ci gaba da gurza goronta, ta tambaye ni shekara nawa na yi a lakwal kafin a kai ni wannan darasi. Na ce goma sha biyar. Ta ce da na zauna wajenta da an gama kafin azahar.

Bayan na gama karatu na samu aiki a wani ƙaramin asibitin ido. Can na tarar da jeren kwanukan mushe da idona. Masu zuwa sukan ajiye karnensu, wato katin asibiti, a kan tebur, wani bisa wani, mai kira kuma ya fara ɗauka daga sama. Mutumin ƙauyen Tirmini da ya baro gida da asuba karnensa ne a ƙasa, ɗan gari da ya karya kumallo ya taho a hankali shi ake fara kira. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya zauna ya duba ne. Na rubuta musu manhaja, na sa mata abu biyun nan kawai, ƙarawa a wutsiya da zarewa daga kai. Masu larurar gaggawa suna da ƙofarsu, likita ke yanke wannan. Da manhajar aka koma riƙe sunayen masu jiran aikin yanar ido, wanda likitoci baƙi ke zuwa yi lokaci-lokaci. Kwanakinsu ƙidayayyu ne, mutanen da za su iya yi wa ma haka. Inda adadin ya tsaya, na baya sai su jira wani zuwan, kuma tsakani yakan kai rabin shekara.

A wannan tsakanin yana ta rufe wa Kaka ido, ɗaya bayan ɗaya, har ta miƙa igiya ga maƙwabciyarmu. Sai matata ta haifi ƴa mace, muka sa mata sunan Kaka. Ranar suna aka ɗora mata jaririyar, ta yi ta shafa fuskarta da ƴan yatsu, goshi, hanci, kunne, sannan ta ce a hankali Allah ya nuna mata fuskar nan ko sau ɗaya. Ba ta sake faɗa ba, amma maganar ta zauna mini. Ƙafafunta sun fara kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta taka zuwa zaure. Ban ga rabin shekara a jikinta ba.

Na kai ta aka duba ta, aka ce aikin zai yi mata. Muna shiga rumfar jira ta ɗaga murya ta ce waye na ƙarshe, wata mata daga Tirmini ta amsa, Kaka ta ce to tana bayanta. Aka shigar da sunanta a wutsiya. Da lokacin zuwan likitoci ya matso majo, babban ma'aikacin jinya, ya faɗi adadin, na duba, na ga Kaka tana bayan iyaka da mutum huɗu.

Ni na rubuta manhajar, na san inda ƙofar bayanta take. Na yi kwana biyu ina zagaya abin. Na ce wa kaina tsohuwa ce, ba ta da lafiya, ta yi wa garin nan hidima shekara talatin, kowa zai ja baya da mutum ɗaya ne kawai. Wallahi hujjojina sun yi kyau. A rana ta uku, ana hutun azahar, ofis ba kowa, na ɗaga sunanta na sa shi cikin na gaba. Bai ɗauke ni minti biyu ba.

Ranar kiran sunaye rumfa ta cika. Ina tsaye bayan Kaka aka kira ta. Ba ta motsa ba. Ta juya kai ta ce ina matar Tirmini, matar ta amsa daga can gefe cewa ita ba a kira ta ba tukuna. Kaka ta lalubo hannuna ta riƙe, riƙon da na sani.

"Wa ka cire?"

Na sunkuya na ce mata ban cire kowa ba, ta tashi mu je, mutane na kallo.

"Likitocin sun ƙara kwana ne?"

Na ce a'a.

"To akwai wanda ka cire. Fuskarsa ce dai ba ka sani ba."

Daga nan ta juya Barbarci. Rabin rumfar ba su ji me take cewa ba, amma kowa ya gane. Na shiga wajen majo da ƙafafuna, na faɗa masa abin da na yi. Ya dube ni ya daɗe, ya ce shi da ya ɗauka inji ba ya da dangi. Na mayar da sunan inda yake a gabansa. Wanda na cire ashe wani manomi ne, na ga lokacin da aka kira shi ya miƙe yana laluben takalminsa, bai ma san abin da ya faru ba.

A hanyar gida ban yi mata magana ba, don ni ma raina a ɓace yake. Na ji ta wulaƙanta ni a wajen aikina saboda igiya, ta zaɓi mutanen da ba ta sani ba a kan ƴata. Da muka isa na faɗa mata haka. Ta kira ni da sunana na yanka, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in fita mata daga ɗaki. Wannan kiran ya fi mini zagin rumfa ciwo.

Washegari da hantsi aka yi sallama. Tsoho ne makaho, ƴarsa babba tana riƙe da kan sandarsa. Ya ce daga Gaffati yake, yana cikin waɗanda aka kira jiya, jibi za a yi masa aiki. Ya ce a rumfa ya ji wata murya tana faɗa, tun kafin ta juya harshe ya gane ta, ya yi ta tambaya har aka kwatanta masa gidan. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakin Kaka. Ya tambaye ta ko ta tuna wani mai bokiti biyu. Ta ce masu bokiti biyu da ta gani sun fi gashin kanta. Ya ce wanda ruwa ya ɗauke yana gama tara. Mahaifiyata da ke tsaye da buta ta ajiye ta a ƙasa.

Ya ce ya zo ya ba ta wurinsa, shi ya koma bayan matar Tirmini. Kaka ta ƙi. Ta ce shi yana da gona, damina na tafe, ita kuwa me za ta yi da ido ban da gulma. Ya bar ta ta gama.

"Hajiya, ba na kowa na ɗauko ba, nawa ne. Na kuma tambayi ƴata kafin in taho, tunda ita ke jan sandar. Dokar nan ke kika kafa ta. Ko ta bido ce kawai?"

 Tunda nake ban taɓa ganin an kama Kaka da igiyarta ba sai ranar. Can ta ce wa mahaifiyata a dama wa baƙi fura.

Majo ya yarda, da sharaɗin su biyun su zo gabansa kowa ya faɗa da bakinsa. Manhajata ba ta san musanya ba, sai da na zauna na ƙara mata abu na uku: mutum biyu su sauya wuri, na gaba ya koma daidai inda na baya yake, ba wanda ke tsakaninsu da zai motsa. Na kuma toshe ƙofar bayan nan, yadda ko ni ba zan iya taɓa suna ba sai an ga hannuna. Ba a koya mini wannan a jami'a ba.

Ido ɗaya aka yi mata. Da aka kwance bandeji ta yi ta ƙifce-ƙifce, ta ce a miƙo mata takwararta. Ta riƙe ta kusa da fuska, ta daɗe tana kallo, hawaye na bin gefen hancinta, likita na cewa kada ta murza. Sannan ta ce alhamdu lillahi, yarinya ba ta biyo ubanta ba. Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maigida, yaushe furfura ta fito maka ba ka gaya mini ba?" Na fita waje na tsaya bayan rumfa har na samu kaina.

Wata biyar ta yi tana gani. Ta ga takwararta ta fara zama. Ta sa an kai ta bakin famfo sau ɗaya, ta duba ɗaurin gindin dogon yaro ta ce bai yi ba, ta kwance ta sake. Duk ranar Juma'a in na shigo gaishe ta sai ta tambaye ni tsohon Gaffati saura mutum nawa a gabansa, kuma ta gargaɗe ni kada in kuskura in taimaka masa irin taimakona. Damina ta wuce, ƴaƴansa suka noma gonar ba da shi ba. Ana saura kwana biyu ta cika ta ce mini ni zan ɗauko shi, ni zan mayar da shi.

Likitocin sun dawo bayan rasuwarta da mako uku. Aka kira matar Tirmini, aka kira shi. Na ɗauko shi kamar yadda aka umarce ni. Da aka buɗe masa ido ya ce kafin gida in bi da shi Birni. Na ɗora masa yarinyar a cinya, ya dube ta da kyau, ya ce ashe wannan ce aka yi ta rigima a kanta, to ta isa. Daga nan ya ce in kai shi famfo. Ya tsaya yana kallon bidoji a jere cikin igiya, ya ce ranar da ya zo da bokitinsa hankalinsa ba ya jikinsa, ko fuskar matar bai duba ba, muryar kawai ya tafi da ita. Ya tambaye ni kamanninta. Na fara kwatantawa na kasa ƙarasawa.

Na gode wa Allah da ya sa na fito daga tsatsonta, na gode wa tsohon nan da ƴarsa, na gode wa mahaifiyata da ta yi haƙuri da tukunyar da ba a ɗora ba. Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe mata zafin bakinta, ya shayar da ita kamar yadda ta tsaya kowa ya sha. Ranar sadakar arba'in liman ya roƙa mata Allah ya sa ta cikin sahun farko na masu shiga Aljanna. Na ɗaga hannu zan ce amin sai na ji tambayar nan a kunnena, da riƙon hannun da komai. Na ce mata a raina, Kaka, can ba a ƙidaya kwanaki, ba a cire kowa ba, ki tashi ki shiga.